Irin wakenmu da sabuwar dokar iri

Ƴan'uwa mata, kowacce cikinmu nan Dakoro ta san yadda ake ajiye irin wake. A zaɓi mai kyau, a shanya, a rufe cikin bido ko buhun PICS sai damana. In maƙwabciya ta rasa, a auna mata tiya guda, ta biya da kaka. Haka muka taras iyayenmu na yi. To, yanzu akwai irin da ba a yi masa haka sai da iznin mai shi.

A ƙarshen 2019, cibiyar binciken noma ta IAR da ke Zariya ta fitar da wani wake, SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kashe tsutsar da ke cin fure da huda kwanso. Masu binciken sun ce feshi biyu ya ishe shi, maimakon shida ko fiye. Wadda ta taɓa cin bashin asusu don sayen maganin feshi ba za ta raina wannan ba. Kamfanin Monsanto na Amurka ne ya ba da fasahar, bai nemi kuɗin mallaka ba.

Amma ba kullum ake samun kyauta ba. Burkina Faso ta rungumi audugar wannan kamfani a 2008. Irin ya fi tsada, zaren ya zo gajere, farashinta ya faɗi a kasuwar duniya. A 2016 suka daina.

Ga abin da ya fi shafar mu. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, wadda ta shiga yarjejeniyar UPOV a 2014. Duk irin da aka yi wa rajista ƙarƙashinta, ba a yawaita shi a sayar sai mai shi ya yarda. Irin kakanninmu kuwa, da wuya ya sami irin wannan kariya, don wai ba ya fitowa bai ɗaya. Mu da muka tsare shi shekara da shekaru, babu sunanmu a takarda ko ɗaya!

Wakenmu na tafiya har kasuwar Dawanau ta Kano, iri kuma na dawowa cikin buhun da ba rubutu. Shi ya sa muke ba ƙungiyoyin Mata Masu Dubara shawara: a zaman asusu mai zuwa, sakatariya ta buɗe shafi, a rubuta sunan kowane iri da ke hannun mambobi da inda ya fito. Kafin a fitar da kuɗin akwati don sayen sabo, a tambayi mai sayarwa da malamin gona: ana iya sake shuka shi baɗi? Ana iya sayar wa wata?