Ba lalaci ke riƙe kundin digirgir ba

A Bazaga, kamar sauran garuruwan ƙasar Ƙonni, idan ɗan gari ya shekara biyar ko shida yana rubuta kundin digirin digirgir, magana ɗaya ake yi a majalisa: ko dai kansa bai ɗauka ba, ko ya sami inuwa a Yamai yana gudun nauyin gida. Masu faɗin haka iyayenmu ne da yayyenmu, kuma ba ƙiyayya ta sa su ba. Su suka sayar da albasa da tumaki suka tura shi, ga sa'anninsa sun tafi ci-rani sun dawo sun yi gini. Suna da haƙƙin tambaya. Amma a gafarce ni, hukuncin bai faɗa daidai ba.

A takarda shekara uku aka yanka wa digirin, sai dai damina ba ta san takarda ba. Ɗalibin da ke bincike kan gero a Adar sau ɗaya yake samun gwaji a shekara. In ruwa ya ɗauke ana tsakar bunni, ko tsutsa ta ci gonar, sai baɗi, komai kaifin basirarsa. Mai binciken tarihi kuwa sai ya bi tsofaffi daga Illela zuwa ƙauyukan Malbaza, a ce wannan ya tafi jinya, wancan ya rasu da abin da ya sani.

Ya gama tattarawa ma, ragowar aikin ba duka ke hannunsa ba. Malaman da hukumar CAMES ta ba matsayin jagorantar irin wannan kundi ba su da yawa, kowanensu ga ɗalibai, ga koyarwa, ga taro. Babi ɗaya kan yi watanni a kan tebur. Daga nan sai buga maƙaloli a mujallun ilimi, sai jiran rahoton masu dubawa, sannan a sa ranar kare kundin. Waɗanda suka yi rajista a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da ke nan kusa da mu, sun ga yadda rufe iyaka daga 2023 zuwa Maris na 2024 ya dagula zirga-zirga. Duk wannan fa yawancin ɗaliban, da alli a hannu suke yinsa, suna ciyar da gida biyu.

Mu dubi waɗanda muke alfahari da su. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929, bai karɓi babban digirinsa na kimiyya a Faransa ba sai 1967, yana da shekara 38, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. Djibo Hamani, wanda aka raɗa wa jami'ar Tawa sunansa, ya fitar da littafinsa kan tarihin Adar a 1975, babban aikinsa kan sarautar Agadas bai fito ba sai 1989. Wa zai kira su ragwaye?

Ban ce babu masu sakaci ba. Akwai mai jiran sai babi ya fito ba aibi kafin ya nuna wa malaminsa, akwai mai ƙara karatu kullum don tsoron fara rubutu. Amma ko su, gori ba ya warkar da su, sai dai ya sa su daina zuwa gida sallah, su kashe waya. Wannan ne ya fi damuna, domin wanda ya yanke da mutane shi ya fi saurin ajiye kundin gaba ɗaya.

Ɗalibi, kai ma da naka: ka zauna da tsohonka ka faɗa masa da Hausa inda aikin ya tsaya da abin da ya rage, ka riƙa rubuta ko shafi ɗaya kullum. Ku kuma iyaye da yayye, maimakon "Har yanzu ba ka gama ba?", ku tambaye shi me ya tsaya. In ya ce ya shiga watannin ƙarshe, ku ɗauke masa gudummawar biki da suna har ya kare kundinsa.