Tsohon Keken Ɗinki da Yadda Ake Mai da Shi na Ƙafa

Gabatarwa

Ƙasar Funtua da Malumfashi ta daɗe da sanin zare da allura. Tun zamanin mulkin Turawa aka kafa injinan gurzar auduga a waɗannan garuruwa biyu, kuma layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920. Kuɗin auduga da na hatsi ya sa magidanta da yawa sun sayi keken ɗinki, wasu don sana'a, wasu don matansu da 'ya'yansu. A yau ɗimbin waɗannan kekuna suna yashe a ɗakunan ajiya, tsatsa na cin su, wasu kuma ana sayar wa 'yan gwangwan a kan nauyin ƙarfe kawai. Alhali kuwa telan da ke Bakori ko Ƙafur ko Ɗanja yana fama da ɗaukewar wutar lantarki, ga tsadar man janareta, musamman tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan maƙala za ta bayyana yadda keken ƙafa ke aiki, da yadda ake mai da keken hannu ko na lantarki ya koma na ƙafa.

Asalin Kekunan

A shekarar 1846 wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ya yi rajistar keken da ke ɗinki da zare biyu, na sama da na ƙasa. A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa, wanda ya fi sauƙin sarrafawa. Kamfanin Singer ya gina babbar masana'anta a Clydebank ta ƙasar Sikotilan, wadda aka rufe a 1980, kuma kekunan da aka ƙera a can suna ɗauke da harafin K a lambar samfurinsu, misali 15K ko 99K. Kekunan Butterfly na ƙasar Sin, waɗanda suka cika shagunan telolinmu, an kwaikwayi fasalin Singer mai lamba 15 ne wajen ƙera su. Dalili ke nan da ya sa allura da ƙoshiya da kwarkwaron ɗaya sukan shiga ɗayan, wato kayan gyara ba su da wuyar samu.

Yadda Keken Ƙafa ke Aiki

Ƙafar tela sama da ƙasa take motsi, ɗinki kuwa yana bukatar juyi. Abin da ke sauya wannan motsi shi ne sandar da ta haɗa feda da babban wilin da ke ƙarƙashin tebur. An ɗaura kan sandar a wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya kauce wa tsakiyar wilin, saboda haka duk lokacin da aka taka feda gaba da baya sau ɗaya, babban wili ya zagaya sau ɗaya. Daga nan igiyar fata, wadda teloli ke kira bel, ita ke kai juyin zuwa ƙaramin wilin da ke jikin kan keke.

A nan ne lissafi ya shigo. Tsawon bel da ya wuce ta kan babban wili, shi ne dai zai wuce ta kan ƙarami. Idan faɗin babban wili santimita 30 ne, kwarin da bel ke zama a jikin ƙarami kuma faɗinsa santimita 6, to zagaye ɗaya na babba zai ba da zagaye 5 na ƙarami. Kowane zagaye na ƙaramin wili kuwa sukar allura ɗaya ne. Ke nan telan da ke taka feda sau 80 a minti ɗaya zai sami suka 400. In tazarar kowane suka milimita biyu da rabi ce, ya ɗinka mita guda cif a minti ɗaya. Keken hannu kuwa yawanci suka uku yake bayarwa a juyi ɗaya, sannan ya riƙe wa mai ɗinki hannun dama. Keken ƙafa yana sakin hannuwa biyu su kula da yadi, kuma tsokokin ƙafa sun fi na hannu jure wa dogon aiki.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ake yin babban wilin da nauyi haka? A kowane zagaye akwai wurare biyu da sandar ke miƙewa sak da lanƙwasasshen ƙarfen nan, inda komai ƙarfin taku ba ya juya wilin. Abu mai nauyi in ya soma juyawa ba ya saurin tsayawa, don haka nauyin wilin ne ke tsallakar da shi waɗannan wurare. Shi ya sa tela yakan fara tura ƙaramin wili da hannu zuwa wajensa kafin ya soma taku. In ba haka ba keken na iya juyawa baya, zare ya harɗe.

Abin Dubawa Kafin Saye

Da farko a juya ƙaramin wili da hannu. In ya ƙage, sau da yawa busasshen mai ne, kuma kananzir na warware shi. Tsagewa a gangar jiki kuwa babban aibi ne, domin ƙarfen zubi yana da wuyar walda. A duba haƙoran da ke jan yadi ko sun cinye, a tabbata ƙoshiya na nan. Sai a duba ƙaramin wili: lalle ya kasance yana da kwarin da bel zai zauna, kuma mai nauyi ya fi. Keken lantarkin da aka ɗaura wa ɗan inji ta waje yana da sauƙin sauyawa, don kwance noti ɗaya kan isa a cire injin. Wanda injinsa ke haɗe da giya a cikin jiki, kamar Singer 15-91, a bar shi yadda yake.

Matakan Sauyawa

A samo ƙafafun ƙarfe masu feda da babban wili, tare da tebur wanda raminsa ya yi daidai da gindin keken. A lura cewa 99K ya fi 15K ƙanƙanta, ba sa zama a rami ɗaya. A cire mariƙin hannu ko injin lantarki, a ɗora kan keken a kan maƙalan tebur biyu na baya, a ɗaure. A tabbata ƙaramin wili yana saitin babba, kada bel ya goga a jikin katako. Sannan a zura bel ta ramukan tebur, a auna, a yanke, a huda bakinsa da ƙusa siririya, a haɗa da 'yar waya. In bel ya cika ɗamewa taku zai yi nauyi, in ya yi sako-sako zai riƙa zamewa. Sabuwar fata tana miƙewa, don haka bayan 'yan kwanaki akan rage tsawonta kaɗan.

Daga ƙarshe a ɗiga man keken ɗinki a duk gaɓar da ke motsi. Kada a yi amfani da man gyaɗa ko manja, domin man tsirrai yana haɗuwa da iska ya zama danƙo, ya ƙage keken.

Kammalawa

Keken ƙafa ɗakin gwaji ne mai arha ga malamin kimiyya. Da zare da ma'aunin tela kawai ɗalibai za su iya auna kewayen wili biyun, su raba babba da ƙarami, sannan su juya babban wili sau ɗaya su ƙirga saukar allura, su gani ko lissafinsu ya dace. Ɗalibin da ya iya wannan ya kama hanyar iya gyara, kuma a garuruwan da teloli ke kwana a shago gabanin Sallah, mai gyaran keke ba ya rasa abin yi. Kafin a miƙa tsohon keken gida ga mai awon ƙarfe, ya kamata a juya wilinsa tukuna a gani.