Nacos Ba Nama Ba Cuku, Daga Amfanin Gonakin Kadawa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu ko Maris, da ya wuce Kura zai fara cin karo da kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan. Tumatirin da ya rasa mai saye kuma an yayyanka shi an baza a rana, yana zama kauɗa. Wannan albarka daga madatsar ruwa ta Tiga take, aikin da gwamnatin Audu Bako ta faro aka kammala a 1974. Ruwan ya biyo magudanai ya ratsa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam, rani ya zama lokacin noma sosai: alkama a hunturu, masara, albasa, tattasai, attaruhu, ga uban tumatir. Cikas ɗin shi ne kowa ya girbe a lokaci guda, farashi ya faɗi warwas. Masana'antar sarrafa tumatir da Ɗangote ya buɗe a Kadawa a 2016 ba ta raba gardama ba, don a shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta yi wa gonaki ɓarna, kuma tun daga nan masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa.

Ba madafin uwargida ne zai warware wannan ba. Amma ya kamata gidan da ke zaune a tsakiyar kayan lambu ya san hanyar cin su fiye da miyar dage-dage da jalof. Ga wata hanya daga ƙasar Meksiko, inda dama can ne asalin masarar da muke shukawa.

Sunan abincin nacos. A farkon shekarun 1940, a garin Piedras Negras da ke bakin iyakar Meksiko da jihar Teksas ta Amurka, wasu matan sojojin Amurka suka shiga wani gidan abinci, ba mai dafuwa a kusa. Ma'aikacin wurin, Ignacio Anaya, wanda ake yi wa laƙabi da Nacho, ya yanka gurasar masara ƙanana, ya soya, ya barbaɗa cuku da yankakken barkono, ya ɗumama ya miƙa musu. Shi ke nan, abinci ya ci sunan mai shi. Yau ana tula masa nama da cuku da kirim. Sai dai akwai masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, nama ne, ƙwai ne, nono ne, har zuma, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a Ingila a 1944. Su suka fito da irin nasu nacos na tsirrai zalla.

Mu dai nama halal ne a gare mu, ba wanda zai haramta abin da Allah ya halatta. Amma tsadar nama ta riga ta mai da yawancin tukwanenmu na tsirrai, ba tare da wata ƙungiya ba. Ɗanwake, garau-garau, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ƙosai, awara: wanne ne da nama a ciki? Don haka abin da Bature ke nema da tsada a kanti, yana nan a rumbu da bakin lambu.

Aikin gaske a masarar yake, kuma nan ne ilimin da ya fi abincin kansa amfani. Mutanen Meksiko tun dubban shekaru ba sa niƙa masara haka kawai. Sai sun dafa ta da toka ko farar ƙasa ta abinci tukuna. Wannan dahuwa tana saɓule dusar, tana sa ƙullin ya yi danƙo ya haɗe, sannan tana sakin wani sinadarin bitamin mai suna nayasin wanda yake a ɗaure cikin ƙwayar, jiki ba ya iya amfana da shi sosai. Da masara ta bazu a duniya, wannan dabara ba ta biyo ta ba. Shi ya sa a Italiya da kudancin ƙasar Amurka da wasu sassan Afirka, talakawan da suka dogara da masara kusan ita kaɗai suka yi fama da ciwon da ke ƙona fata a inda rana ke taɓawa, ya kawo zawo da ruɗewar hankali. Dahuwar toka tana kuma rage gubar fumfuna da ke kama hatsin da bai bushe da kyau ba, ko da yake ba ta mai da ruɓaɓɓiyar masara abin ci.

Toka ba baƙuwa ba ce a madafinmu. A samu ta itace ko ta kara, wadda ba a ƙona leda ko roba a ciki ba, a tankaɗe. A zuba busasshiyar masara a tukunya da ruwa da tokar, a dafa har sai an murza ƙwaya an ga fatar tana saɓulewa amma cikin bai yi lugub ba. A sauke a bar ta ta kwana a ruwan. Da safe a wanke, a murje, a sake wankewa har santsin ya tafi. Sai a kai injin markaɗe, a roƙi mai inji ya rage hannu wajen ruwa, don ƙulli mai tauri ake so, ba na koko ba. A gutsuri kamar girman lemun tsami, a sa tsakanin leda biyu masu tsabta, a danne da gindin faranti ya yi fale-fale, a gasa a busasshen kasko. In ya huce a yanka shi kusurwa uku-uku, a soya a man gyaɗa har ya yi ƙaras-ƙaras. Mai gaggawa na iya kwaɓa garin masara da ɗan garin alkama, za ta samu abin ci, amma ba ɗanɗanon ba, ba kuma amfanin ba.

Sauran mai sauƙi ne. A dafa wake ya yi laushi, a farfasa shi da ludayi a soyayyiyar albasa da daddawa. Daddawar ta fi dunƙulen kanti dacewa a nan, don wasu dunƙulen da ɗanɗanon kaza ake haɗa su. A yanka ɗanyen tumatir mai tauri ƙanana, da albasa da attaruhu, a matse lemun tsami, a sa gishiri. Tun da ɗanye za a ci, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, ba ruwan magudana ba. Manomi kuma ya ji tsoron Allah ya daina tsinkar abin da ya yi wa feshi jiya ya kai kasuwa yau. Kowane magani yana da kwanakin jira a rubuce a jikin kwalbarsa.

Cukun fa? Turawa kan markaɗa ƙwallon kashu, wanda tsadarsa ta isa ta hana mutum farawa. Awara ta wadatar: a markaɗa wadda ba a soya ba da dafaffen karas da dankalin turawa ɗaya, a sa mai da lemun tsami da gishiri, a ɗora a wuta ana juyawa har ta yi kauri. Gaskiya ba za ta yi yauƙin cuku ba, kuma duk wanda ya ce miki ba bambanci, bai taɓa cin cukun ba ne. Amma da daɗinta. A baza soyayyiyar masarar a tire, a bi da wake, a kwarara haɗin awarar, a watsa tumatir, a barbaɗa yajin ƙuli. In an samu fiya daga kasuwar 'Yan Lemo a dama a ƙara. A ci nan take, don in ya jima ruwan tumatir zai jiƙa shi ya saki.

Kashedi ɗaya ga matasan da ke ganin wannan salon ci a waya suna sha'awar barin nama da nono gaba ɗaya: bitamin B12 ba ya samuwa a wake ko masara ko ganye, kuma rashinsa yana jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Mai wannan niyya ya ga likita tukuna, musamman mai ciki da mai shayarwa, kuma kada a hana yara nono da ƙwai in akwai hali. Uwargida kuwa, ko ba ki yi nacos ɗin ba, ki jarraba dafa masarar da toka a wannan ranin, ki fara da gwangwani biyu kafin ki taɓa kwano guda.