Karen Tsere Bayan Ya Bar Fili

A watan Nuwamba na 2018 masu zaɓe a jihar Florida ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar hana cacar tseren karnuka, aka ba filayen wa'adi zuwa ƙarshen 2020. A Disamba 2024 gwamnatin New Zealand ma ta ce za ta rufe sana'ar. Duk filin da aka rufe, sai a tashi da karnukan greyhound da ba su da sauran aiki, a shiga neman gidajen da za su riƙe su. A Ingila, inda irin wannan tsere ya shiga ƙasar ta filin Belle Vue na Manchester a 1926, ƙungiyar Greyhound Trust ta kama wannan aiki tun 1975. Yawancin masu karɓa tausayi ne ke kawo su, kuma sau da yawa shi ne ke rufe musu ido su kasa gane irin karen da suka kai gida.

Greyhound da ido yake farauta. Shekaru aru-aru ana zaɓen wanda ya fi saurin hango zomo da cim masa, har aka samu kare mai gudun kusan kilomita 70 a awa. Wanda ya san karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali ya san ƙirar: ƙirji mai zurfi, ciki a shafe, ƙafafu zaƙo-zaƙo. Kyanwa ta gilma daga nesa, sai kunnuwansa da ke kwance su miƙe, jiki ya sandare, kafin mai shi ya buɗe baki ya yi nisa, kira kuma ba ya dawo da shi. Sabon mai riƙo yakan ɗauka wahalar fili ce ta ɓata shi, ya ce so da lallashi za su gyara, ya kwance masa igiya a bakin titi. Alhali wannan hali a jini yake, abin da yake buƙata igiya ce da takunkumi da fili mai shinge.

Haka batun jikinsa. Ƙasusuwan da ake gani ba alamar yunwa ba ce, amma mai tausayi sai ya yi ta ɗura masa abinci har ƙiba ta yi wa ƙafafunsa nauyi. Fatarsa siririya ce, ba kitse, shi ya sa yake son riga lokacin sanyi da shimfiɗa mai laushi. Likitocin dabbobi ma na kaffa-kaffa da shi, domin yakan daɗe bai farfaɗo daga allurar barci ta thiopental ba.

Wani zai ce ai akwai tabon gaske, ba komai ne gado ba. Gaskiya ne. Karen da ya tashi a keji bai san matakalar bene ba, yakan kai wa ƙofar gilashi karo, a taɓa shi yana barci ya zabura. Karnukan galgo na Sifaniya, da ake yasar da yawansu idan lokacin farauta ya ƙare a Fabrairu, waɗanda dokar kare dabbobi ta 2023 ta tsallake, sukan zo da tsoron mutum. Sai dai irin wannan yakan ragu da haƙuri da sabo, bin abin da ya motsa kuwa ba ya gushewa, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai ɓata ƙarfinsa kan abin da ba ya gyaruwa. Masu cewa kare mai wannan gudu ba na gida ba ne su ma sun yi kuskure, don gudunsa na ɗan lokaci ne. Zagaye biyu na minti ashirin-ashirin kan ishe shi, sauran yinin barci yake, haushi ma ba kasafai ba (mai neman karen gadi ya nemi wani). Abin da ya kamata a tambayi ƙungiyar da ke ba da karen kafin a sa hannu shi ne ko an gwada shi da kyanwa, da abin da ya yi da ya gan ta.