Daga Jigayin Miga Zuwa Maigatari: Kwana Uku Da Kyamara A Bakin Hamada

A 'yan shekarun nan ya zama yayi a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwarmu, duk wanda Allah Ya hore wa zuwa Dubai sai ya dawo da hotonsa a kan tudun rairayi, ya naɗa rawani irin na Larabawa, ga raƙumi a bayansa. Babu laifi a cikin haka. Abin da ke ɗaure kai shi ne, da yawa daga cikin masu waɗannan hotuna 'yan asalin Jihar Jigawa ne, jihar da sunanta kansa ke nufin ƙasa mai yashi, amma idan ka tambaye su yadda hantsi ke sauka a kan jigayin da ke tsakanin Jahun da Miga sai su yi maka shiru. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna yadda mutum zai tsara 'yar gajeriyar tafiya ta kwana uku a mota, daga Dutse zuwa kan iyakarmu da Nijar, da niyyar ɗaukar hoto kawai.

Da farko dai a gaya wa juna gaskiya, Jigawa ba Sahara ba ce. Wanda ke neman tuddan rairayi tsirara waɗanda iska ke kaɗawa daga wuri zuwa wuri, sai ya nausa Jihar Yobe, wajen Tulo-Tulowa a Ƙaramar Hukumar Yusufari, ko kuwa ya haura Nijar ya nufi Agadas. Dukkansu biyun tafiya ce mai nisa, mai buƙatar mota mai ƙarfi da ɗan jagora, kuma halin tsaro ya sa sai an yi dogon tunani kafin a ɗaura niyya, musamman tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Abin da muke da shi a tsakiyar Jigawa wani abu ne daban, kuma a ganina ya fi daɗin labari. Tsohuwar hamada ce da ta kwanta barci. A shekarar 1958 wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, A. T. Grove, ya yi rubutu a kan waɗannan jigayi na ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa tuddan rairayi ne da iska ta jera dubban shekaru da suka shuɗe, lokacin da fari ya mamaye wannan yanki. Da ruwan sama ya dawo sai ciyawa da itatuwa suka kama su suka daina motsi. Shi ya sa suke a jere, dogaye, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato daidai hanyar da iskar hunturu ke bi har gobe. A tsakanin kowane tudu da ɗan'uwansa akwai kwari, inda ruwa ke kwanciya da damina ya zama fadama. Manomin Miga ya san wannan tun kafin Bature ya rubuta: gero da riɗi da zoɓo a jigawa, shinkafa a fadama.

Duk shirin tafiyar ya rataya ne a kan zaɓen lokaci. Watan Afrilu da Mayu a bar su, domin zafi kan haura digiri 40, haske kuma ya yi fari fat ya wanke launin komai. Tsakiyar damina ƙasa na da kyau, amma hanyoyin karkara na yankewa, kuma Miga na cikin ƙananan hukumomin da ambaliyar Kogin Haɗeja ta sha yi wa ɓarna, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hazo ne ke mulki, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Akwai masu ɗaukar hoto da ke son hazo, saboda yana mayar da rana kamar faifai, a dube ta ido da ido, ya kuma sa kuka da giginya su fito kamar zane. Sai dai yana haɗiye nesa, yana kuma shiga cikin kyamara. Ni dai da za a bi tawa, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba ne lokacin: ruwa ya ɗauke, sama ta washe, an girbe gero an jera dammuna a gona, fadamu na cike da ruwa, gawo ya fara fitar da sabon ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu, tsuntsayen Turai kuma sun fara sauka a dausayin Haɗeja.

Ranar da za a tashi ma ba a zaɓenta da ka. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, don haka ita za a sa a tsakiya a jera sauran kwanakin a gefenta. Mai zuwa daga Kano ko Abuja ya iso Dutse ranar Talata da rana, ya yi amfani da la'asar a Garu, tsohon garin da ke cikin duwatsu inda fadar Sarki take. Duwatsun Dutse da gonakin dabinonta suna ba da hoton da babu irinsa a sauran jihar, kuma daga nan zuwa arewa ba za a ƙara ganin dutse mai girma ba, sai yashi. Wanda ya iso da wuri yana iya leƙawa Birnin Kudu ya ga zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, amma wannan ya cancanci tafiya tasa ta daban.

Ranar Laraba a yi asuba a kama hanyar Kiyawa zuwa Jahun, a ratse zuwa Miga. Dalilin sammakon shi ne, jigawa ba ta nuna siffarta sai rana na ƙasa-ƙasa. Idan haske ya zo daga gefe, kowane tudu sai ya yi inuwa a kwarinsa, sawun shanu da na amalanke su fito raɗau a kan yashi, kunyoyin gona su zama layi-layi kamar saƙar tabarma. Da rana ta take tsaka duk wannan ya tafi, ƙasar ta koma shimfiɗaɗɗiya, mai kallon hoton ya ce me aka ɗauka a nan? Sa'a biyu bayan fitowar rana da sa'a ɗaya da rabi kafin faɗuwarta, su ne jarin mai kyamara. A tuna kuma a wannan yanki namu almuru ba ta daɗewa, rana na faɗuwa duhu ya biyo baya, don haka wanda ya tsaya neman wurin tsayawa a lokacin ya makara.

A Miga ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne yashi da ruwa suke haɗuwa. Kogin Haɗeja idan ya baro duwatsun ƙasar Kano ya shigo cikin jigayi, sai ya rasa hanya ɗaya tak da zai bi, ya rarrabu ya shiga kwaruruka. A cikin tafiyar ƙafa ta rabin sa'a mutum zai baro gonar gero mai yashi da sabara da tumfafiya, ya tarar da masunci a kwalekwale da balbelu a bayan shanu. Hoton da ya haɗa waɗannan biyu a fuska ɗaya, tudun yashi a sama, ruwa da shinkafa a ƙasa, shi ne hoton Miga, kuma da wuya ka gan shi a wata jarida ko kalanda. A nan ne kuma mai lura zai ga kachala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa bayan da madatsun Tiga, na 1974, da Challawa, na 1992, suka sauya yadda kogin ke cika da janyewa. A hoto tana da kyau, kore shar, tana rausaya da iska. Ga manomi da masunci kuwa annoba ce, ta cinye gonaki, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama maɓoyar tsuntsayen janbaki masu cinye hatsi, ta kuma taimaka wajen karkatar da ruwa cikin garuruwa. Wanda ya ɗauki kyanta bai tambayi mutanen wurin ba, ya dawo da rabin labari.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi man fetur da taya muhimmanci, wato ladabin shiga gari. Baƙo da mota da kyamara a ƙauye abin zargi ne a wannan zamani, kuma mutane na da hujjarsu. A fara da gidan dagaci ko mai unguwa, a yi sallama, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi yaro ɗan gari ya yi rakiya a kuma sallame shi da abin kirki. Ba a ɗaukar matan aure sai da izini, ba a leƙa cikin gida, ba a tara yara a sa su yi fuskar tausayi. Mun daɗe muna ƙorafin cewa baƙi na zuwa su ɗauki tsummanmu su kai duniya a matsayin hoton Arewa. Abin kunya ne ɗan gida ya sayi kyamara mai tsada ya maimaita hakan. Idan ka ɗauki dattijo a bakin rumbunsa, nuna masa, in da hali ka wanke ka aika masa. Shingen jami'an tsaro da ofisoshin kan iyaka kuwa a kawar da kyamara daga gare su gaba ɗaya. Haka ƙaramin jirgin nan mara matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, doka ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da amincewar ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma tayar da shi kusa da iyaka neman fitina ne.

Bayan azahar a bar Miga a fita Gujungu, a miƙe zuwa Gumel a kwana. Tun daga nan za a ga ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa sun yi nesa da juna, aduwa da ƙaya sun yawaita, ga layukan darbejiya da aka dasa domin tare iska bayan farin 1973 da na 1984. Da safiyar Alhamis sai Maigatari. Kasuwar dabbobinta na cikin mafiya girma a wannan yanki na Afirka ta Yamma: raƙuma da dawaki da shanu da tumaki daga Damagaram da can gaba, Buzaye da Fulani da Barebari da fataken Kudu masu lodi a tirela. Mai son hoton raƙumi ya zo gidansa. A isa da wuri, lokacin da garkuna ke shigowa suna tayar da ƙura rana na ratsa ta, kafin kasuwa ta cika ta zama turmutsutsu. A nemi shugabannin kasuwa tukuna, a kuma sani cewa dillali na tsakiyar ciniki ba ya son a sa masa kyamara a fuska.

Daga Maigatari a dawo Gumel a bi ta Malam Madori a kwana Haɗeja, garin da Sarkinsa Muhammadu ya yi shahada a hannun Turawa a 1906. Asubahin Juma'a na Baturiya ne, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, dausayin da ya shiga jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2008, kuma yana cikin yankin Haɗeja da Nguru da Bade da hukumar UNESCO ta amince da shi a 2020. Tsuntsu na buƙatar madubi mai jawo nesa da haƙuri mai yawa; wanda waya kawai gare shi ya mayar da hankali ga goriba da inuwarta a ruwa. A sauko Juma'a a Haɗeja, a biyo ta Kafin Hausa a iso Dutse kafin magariba.

Game da mota, manyan hanyoyin duk kwalta ne, ƙaramar mota mai lafiya ta isa. Matsala na farawa ne idan an sauka daga kwalta. Yashin jigawa na riƙe taya, wanda kuma ya ci gaba da taka totur sai ya ƙara binne kansa. Dabarar direbobin karkara ita ce a rage iskar taya kaɗan, a sa giya ta biyu, kada a tsaya a tsakiyar yashi mai laushi. Mafi sauƙi ma a ajiye motar a gari a ɗauki ɗan acaɓa, ya fi ka sanin hanya, kuɗin kuma ya shiga aljihun ɗan gari. A riƙe safaya mai kyau da jak da shebur da igiya da jarkar ruwa. A cika tanki a Dutse da Gumel da Haɗeja, a kuma yi lissafin mai da farashin yau, domin tun cire tallafi a Mayun 2023 shi ne zai ci kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar. Mutum uku ko huɗu a mota ɗaya sun fi sauƙi. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, kada a dogara da tura kuɗi ta waya a inda layi ke ɗaukewa. Kyamara kuma a sa ta cikin jaka mai rufi, kada a sauya madubi a fili iska na kaɗawa, a tafi da batir na biyu. Tuƙin dare a bar shi sam.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan hoto? Ai shekara da shekaru muna jin ana cewa hamada na kwararowa, an kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta ƙasa a 2015, Jigawa na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa, ana ta dashe ana ta jawabi. Amma da za ka nemi hoton wani tudu a Miga ko Maigatari na shekarar 1991, lokacin da aka ƙirƙiro jihar, domin ka gwada shi da na yau ka ga ko itatuwa sun ƙaru ko sun ragu, da wuya ka samu a hannun ɗan jiha. Saboda haka duk wanda ya yi wannan tafiya ya rubuta sunan wuri da rana da inda ya fuskanta a kan kowane hoto, ya bar wayarsa ta adana alamar wurin, ya zaɓi wata kuka ko rijiya da ba ta gusawa ta zama shaida. Ya wanke kaɗan a takarda, domin waya na ɓata. In Allah Ya kai rai, bayan shekara biyar ya koma gindin kukar nan a watan Nuwamba, da hantsi, ya sake ɗauka.