Tafiya da Ƙafa Magani Ce: Shawara ga Mai Fara Motsa Jiki

Iyayenmu na Tirmini da sauran garuruwan Damagaram ba su san wani abu wai motsa jiki ba. Da ƙafa suke zuwa gona, da ƙafa suke cin kasuwa, mata kuwa ga daka ga ɗaukar ruwa. Yau zamani ya sake. Babur ɗin kabu-kabu ya rage tafiya, injin niƙa ya rage daka, mai shago da tela da ma'aikacin ofis suna wuni a zaune. Manomi ma, in an kai gero rumbu, yakan share watannin rani a gindin inuwa.

Zaman nan yana da lahani. Jikin da ba ya motsi yana tara kitse, zuciya ta yi rauni, hawan jini da ciwon suga su sami ƙofa. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum yana jin kansa garau, sai rana ɗaya ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Iyali su rasa mai noma musu.

Nawa ake bukata?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da shawara a shekarar 2020. Ta ce baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Minti 30 a rana, kwana 5 a mako, ya cika minti 150. Hukumar ta kuma bayyana cewa a shekarar 2022 kusan mutum 1 cikin baligai 3 na duniya bai kai wannan ma'auni ba. Tafiya da sauri tana cikin motsa jiki matsakaici, kuma ba a biyan ko dala.

Mene ne injin tafiya?

A manyan birane akwai gidajen motsa jiki masu wani inji da ake tafiya a kansa. Shimfiɗa ce ta roba mai juyawa ƙarƙashin ƙafa, mutum yana ta taku amma yana wuri ɗaya. Wani injiniya Bature mai suna William Cubitt ya ƙera kakan wannan inji a Ingila a 1818, don horon fursunoni. A 1963 likita Robert Bruce na Amurka ya tsara yadda za a auna ƙarfin zuciya a kan injin. Daga baya ne ya shiga gidaje.

Amfaninsa shi ne yana nuna sauri da minti da nisan tafiya, kuma rana da ƙura ba sa damun mai shi. Sai dai yana da tsada, yawancinsu kuma sai da lantarki. Wanda ba shi da hali kada ya damu. Hanyar gona da tsakar gida suna yin aikin da injin yake yi.

Yadda za a fara

1. Wanda ya haura shekara 40, ko mai ƙiba, ko mai ciwon suga, ya fara zuwa gidan likita a auna masa jini. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, ya bi maganar ma'aikacin lafiya.

2. Makon farko, minti 10 a rana ya isa. Kowane mako a ƙara minti 5, har a kai minti 30. Sannu ba ta hana zuwa.

3. A soma da taku a hankali na minti 5 don jiki ya ɗumama, sannan a ƙara sauri. A ƙarshe ma a sassauta kafin a tsaya.

4. Ga ma'aunin sauri: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, tafiyarka ta yi daidai. In magana ta gagara, sassauta.

5. Lokacin bazara zafi yakan wuce digiri 40. A fita bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, a riƙe ruwan sha. Da hunturu a rufe hanci da rawani ko mayafi saboda ƙura. Da azumi a bari sai bayan shan ruwa.

6. A sa takalmi mai rufe ƙafa. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, domin ƙaya tana iya sukarsa bai ji ba, miki ya ƙi warkewa.

In a kan inji ne

Ka tsaya a gefen shimfiɗar kafin a kunna. Ka fara da saurin kilomita 3 a awa, ka ɗaga kai, ka dubi gabanka. Akwai igiya da ake maƙalawa a riga, wadda take kashe injin in mutum ya zame; kada ka bar ta. Babbar riga da zane mai jan ƙasa suna iya sarƙewa. Kada a bar yara su matso kusa.

Mata da dattawa

Macen da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida, minti 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma. Duk lissafi ɗaya ne. Mai ciki ta nemi shawara wurin awon ciki. Dattijo ya riƙe sandarsa, ya nemi abokin tafiya.

Alamun haɗari

In ka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ka tsaya nan take, a kai ka gidan likita. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga kada ya daina sha don ya fara tafiya. Tafiya taimako ce ga magani.

Malaman yaƙi da jahilci, ku karanta wa ɗalibanku wannan shafi, ku kafa ƙungiyar tafiya a unguwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.