Kafin ka sayar da tsohuwar dardumar Baba Alhaji

Tun da aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa na Kanda a watan Yulin 2021, wanda Turkawa suka gina da siffar masallatan Daular Usmaniyya, na lura kayan Turkiyya sun ƙara daraja a Nima da Maamobi. Kowace sallaya yanzu sai ka ji an ce "'yar Turkiyya ce". To, amma fa wata Turkiyyar ta fi wata.

Yawancin dardumomin da muke sarowa bandir-bandir na inji ne, irin na masana'antun Gaziantep. Suna da kyau, suna da araha, amma ba kayan tarihi ba ne. Tsofaffin na ainihi matan Anadolu ne suka saƙa su da hannu da gashin tumaki, kuma kowane gari da zanensa. Na Gordes da Kula sun yi suna da mihirabi mai tsini, wani lokaci da ginshiƙai biyu ko fitila a rataye. Ta Ladik ana gane ta da jerin furanni masu dogon kara. Ta Milas kuwa mihirabinta a tsuke yake wajen wuya. Ja daga saiwar wani tsiro ake samo shi, shuɗi kuma daga baba, kamar dai rinin Ƙofar Mata a Kano. A ƙarni na 17 da na 18 fatake sun kai irinsu har Turai. Wani coci a garin Brasov na Romaniya yana ajiye da sama da ɗari har yau.

Ina ruwanmu? Kakanninmu da suka je Makka tun kafin jirgin sama ya yawaita sukan dawo da darduma, domin alhazan wasu ƙasashe kan zo da nasu su sayar su yi guzuri. Wasu na nan a ƙasan akwati. Na san gidan da aka ba da ta Baba Alhaji a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, wai don ta koɗe.

Ga yadda nake dubawa. Juya ta baya: ta hannu za ka ga ƙulli ɗaya-ɗaya, layukan ba su miƙe sak ba. Gezar bakinta daga jikin saƙar take, ba ɗinka ta aka yi ba. Launi ɗaya yakan ɗan sauya daga wuri zuwa wuri, saboda ba a tukunya ɗaya aka rina zaren ba.

Hajiya, don Allah kar a sa mata bilic ko garin sabulu. Danshin Akra da asu su ne abokan gabarta, a riƙa shanya ta a inuwa, a naɗe ta maimakon ninkewa. In kuma za a sayar, a tuna gado ce: magada su sani, a ji farashi daga bakin mutum fiye da ɗaya.